Yadda Za Ka Bi Da Karatu Da Zaman Jami'a A Ƙasar Sin

Yawancin ɗaliban da ke samun tangarɗa a jami'o'in ƙasar Sin ba wuyar karatu ce ke kayar da su ba. Ƙananan abubuwa ne: sanarwar da aka tura ta manhajar saƙo ta WeChat ba a karanta ba, kiran sunan da aka yi mutum yana barci, fam ɗin da aka rufe karɓa jiya da ƙarfe biyar. An gina tsarin ne domin ɗan ƙasa, wanda ya taso a cikinsa tun firamare, kuma a 2023 ɗaliban manyan makarantun ƙasar sun haura miliyan 47. Baƙi kuwa, a ƙididdigar ma'aikatar ilimi ta 2018, su 492,185 ne, 81,562 daga cikinsu 'yan Afirka. Ba wanda zai tanƙwara tsari mai wannan girma saboda kai. Abin yi shi ne ka san yadda ɗalibin Sin yake tafiyar da kwanakinsa a jami'a, sannan ka gane inda doka ta haɗa ku da inda ta raba ku.

Waɗanda za ka tarar a aji

Kusan duk ɗan Sin da ka gani a ajin digiri na farko ta gaokao ya biyo, wato jarrabawar shiga jami'a da ake fara rubutawa ranar 7 ga Yuni. A 2024 mutum miliyan 13.42 suka yi rajistarta. Makin da yaro ya ci da lardin da ya rubuta su ke yanke masa jami'a, jami'o'in kuma hawa-hawa ne. Akwai 39 na shirin gwamnati na ɗaukaka manyan jami'o'i mai suna 985, da aka ƙaddamar a 1998, akwai sama da 110 na shirin 211 na 1995, sai sabon jerin jami'o'i da fannoni masu daraja ta ɗaya da aka fitar a 2017, wanda ya kai makarantu 147 a 2022. Kafin ka karɓi gurbi, duba ko jami'arka tana cikin ɗayan jerin nan, domin kuɗin bincike da kayan ɗakin gwaje-gwaje can suka fi taruwa. Ka kuma tambayi reshen da za a ajiye ka. Bayan faɗaɗa ɗaukar ɗalibai da aka yi daga 1999, jami'o'i da yawa sun gina sabbin rassa a bayan gari, irin su Songjiang a Shanghai da Xianlin a Nanjing da tsibirin jami'o'i na Guangzhou. Wasu suna da tafiyar awa guda ko fiye daga tsohuwar harabar.

Sabbin ɗalibai 'yan ƙasa suna yin atisayen soja na mako biyu zuwa uku, cikin kaki, galibi a farkon shekara. Suna kuma da kwasa-kwasan siyasa na dole a kan aƙidar Markisanci da tarihin Sin na zamani da tunanin shugabannin jam'iyya. Galibi duka biyun an ɗauke wa baƙo. A madadinsu, dokar kula da ɗalibai baƙi ta 2017 ta wajabta maka harshen Sinanci da kwas ɗin sanin ƙasar Sin. Sai dai a makonnin atisayen nan ne yaran suke sabawa da juna, don haka ranar da ka shiga aji za ka tarar kowa ya riga ya yi abokai. Kai ne za ka fara miƙa hannu.

Ana raba ɗalibai aji-aji, kimanin mutum talatin, su tafi tare har ƙarshen digiri. Mutum uku ne suke riƙe da rayuwar ɗalibi a nan. Na farko banzhang, monitan aji, wanda yake isar da sanarwa. Na biyu fudaoyuan, jami'in da ke kula da tarbiyya da izinin fashi da takardu, wanda doka ta ce a samar da ɗaya ga kowane ɗalibai 200. Na uku sakataren koyarwa na tsangaya, wanda yake riƙe da rajistar kwas da maki. Kai baƙo kana da ƙarin ofishin ɗalibai na ƙasashen waje, amma kada ka dogara da shi kaɗai. Sanarwar canjin ɗakin lacca ko ranar gwaji daga tsangaya take fitowa, cikin Sinanci, a zauren WeChat na aji. A makon farko ka nemi monita ya saka ka a zauren. WeChat yana fassara saƙo in ka danne shi da yatsa, saboda haka rashin jin Sinanci ba zai zama uzuri ba.

Kalanda da jadawali

Zango biyu ne a shekara. Na farko yana farawa farkon Satumba ya ƙare a Janairu, na biyu yana farawa ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, gwargwadon inda bikin sabuwar shekarar Sinawa ya faɗa, ya ƙare ƙarshen Yuni ko farkon Yuli. Ana koyarwa mako 16 zuwa 18, sai makonnin jarrabawa. Wanda ya saba da jami'ar da yajin aiki ke ɗage wa kalanda ya cire wannan daga ransa: ranar da aka buga a kalanda ita ce ranar.

Jadawalin kansa sai an koya wa mutum karanta shi. Darasi ɗaya minti 45 ne a yawancin jami'o'i, ana haɗa biyu su zama lacca guda, kuma ba a rubuta ƙarfe nawa, lamba ake sa wa. In ka ga 1-2, laccar ƙarfe takwas ce ta safe. 3-4 wajen ƙarfe goma. Sai hutun rana, wanda Sinawa suke cin abinci su ɗan runtsa, a dawo ƙarfe ɗaya da rabi ko biyu. Akwai laccar dare da ke kaiwa ƙarfe tara. A gefen kowane kwas akwai makonnin da ake yinsa, misali 1-8 ko 9-16, wasu kuma a makonnin mara kawai ake yinsu, wasu a makonnin cika. Ɗalibai da dama sun yi fashin rabin kwas saboda sun ɗauka ba a fara ba, alhali makonsa ne suka ƙirga ba daidai ba. Ka rubuta lambar kowane mako a kalandar wayarka tun ranar farko.

Wani abin da ke ruɗa baƙo shi ne ramakon hutu. Idan gwamnati ta tsawaita hutu, kamar na ranar ƙasa da ke farawa 1 ga Oktoba, sai a rama da wata Asabar ko Lahadi. Za a sanar cewa Asabar mai zuwa jadawalin Talata za a bi, kuma za a kira suna.

Rajistar kwas ta intanet ake yi, a shafin ofishin koyarwa, cikin kwanakin da aka ware. Kwasa-kwasan zaɓi masu farin jini kan cike cikin mintuna, shi ya sa za ka ga yaran Sin sun zauna gaban kwamfuta tun kafin a buɗe. Ka shirya lambobin kwas ɗinka a takarda, da na madadi. Bayan makon farko ko na biyu ana rufe ƙari da ragi, kuma kwas ɗin da ka yi rajista ka daina zuwa sifili zai fito.

Yadda ake koyarwa da ba da maki

Laccar gama-gari tana iya ɗaukar mutum ɗari ko fiye. Malami yana gaba da majigi, ɗalibai suna ɗaukar hoton allo da waya, tambaya a tsakiyar lacca ba ta da yawa. Wannan shirun ba rashin fahimta ba ne. Al'adar ita ce a bari a tashi, a same shi a gaban allo. Ka bi wannan. In kana ganin ya yi kuskure, gyara shi a gaban jama'a zai ɓata tsakaninku har ƙarshen zango, amma in ka same shi shi kaɗai ka kawo maganar a matsayin tambaya, yawanci zai ji daɗi. Ana kiran malami da sunan gidansu a gaba, a bi da laoshi, wato malam: Wang laoshi, Li laoshi. Haka ake kiran har ma'aikatan ofis. Ranar 10 ga Satumba ranar malamai ce, gajeren saƙon gaisuwa ya wadatar.

Ka yi sauri wajen tare shi bayan lacca, musamman a sabbin rassa, domin malamai da yawa a cikin gari suke zaune, motar jami'a ce take kawo su take mayar da su, kuma ba ta jira. Ga matasan malamai kuma akwai wani nauyin. Manyan jami'o'i da dama suna ɗaukarsu a kan kwantiragin kimanin shekara shida: wanda bai samu ƙarin girma ba a cikinsu ya kama gabansa, ƙarin girman kuma da maƙaloli da kuɗin bincike ake auna shi. Shi ya sa za ka haɗu da kwas ɗin da malami ke karanto abin da ke kan majigi kawai, irin wanda ɗalibai suke kira kwas ɗin ruwa. Ita kanta ma'aikatar ilimi ta yi shelar kawar da irinsu a 2018. In ka faɗa irin wannan, ka je saboda kiran suna, amma ilimin ka nemo shi a littafin kwas da laburare.

Maki a kan 100 ne, 60 ne cin jarrabawa. Kashi 30 zuwa 40 yakan fito daga aikin yau da kullum, wato halarta da aikin gida da gwajin tsakiyar zango, sauran daga jarrabawar ƙarshe. Kiran suna ya koma waya a wurare da yawa, ta manhajoji irin su Xuexitong da Yuketang, inda malami zai nuna lamba ko hoton da za a ɗauka cikin ɗan lokaci, wani sa'in har da tantance inda wayar take. Ƙa'idar da ta fi yawa ita ce wanda ya yi fashin kashi ɗaya cikin uku na darussan kwas ba zai zauna jarrabawarsa ba. Rashin lafiya ba ya zama uzuri sai da takardar asibiti da izinin da aka nema tun kafin darasin.

Wanda ya faɗi kwas yana da jarrabawar gyara a makonnin farko na zango mai zuwa. A jami'o'i da yawa ko ka ci 90 a cikinta 60 za a rubuta, ko a sa mata alama a takardar sakamako. In ka sake faɗuwa sai maimaita kwas ɗin gaba ɗaya. Wasu jami'o'in ma ba su da ta gyaran, maimaici kai tsaye ne. A da akwai wata jarrabawar share fage da ake yi wa masu fita don su wanke duk abin da ya rage musu, amma an soke ta tun 2018. Satar amsa kuwa ba a sasanta ta: waya a aljihu a ɗakin jarrabawa kaɗai tana iya jawo sifili da rubutaccen horo a fayil, sa wani ya rubuta maka kuma kora ce.

A makonni biyu na ƙarshe malamai da yawa suna nuna wuraren da za a fi mayar da hankali. Kada ka rasa laccar ƙarshe. Tsofaffin takardun tambaya kuma suna yawo tsakanin ɗalibai, wani lokaci a shagon buga takardu na cikin makaranta. Ɗan ajinku zai nuna maka in kun saba.

Laburare yana buɗewa wajen ƙarfe bakwai ko takwas, ya rufe goma na dare, kujera kuma ta manhaja ake kama ta. In ka kama ba ka zo ba sau da yawa, za a hana ka na wasu kwanaki. Daga Satumba zuwa Disamba samun wuri sai da sammako, saboda masu shirin kaoyan, jarrabawar shiga digiri na biyu da ake yi ƙarshen Disamba, wadda mutum miliyan 4.74 suka yi wa rajista a zagayen 2023. Ga masu shirin jarrabawar Ingilishi ta CET da ake yi a Yuni da Disamba. Nan ma akwai dama: ɗan ajinku da ke neman maki 425 a CET zai yi murna da awa ɗaya ta hirar Ingilishi, shi kuma ya zauna da kai a kan lissafi ko Sinanci.

Masu digiri na biyu da na uku

A nan malamin da ke duba bincikenka, daoshi, shi ne wuƙa shi ne nama. Sai da sa hannunsa za ka yi tafiya, ka tura maƙala, ka kare kundi. Kowane malami yana da rukuninsa, da taron mako-mako inda kowa yake nuna abin da ya yi. A fannonin kimiyya da injiniya zaman ɗakin gwaje-gwaje daga safe zuwa dare ne, wasu har Asabar, wasu kuma da na'urar ɗaukar shigowa da fita. Waɗanda suka riga ka shiga rukunin, shixiong in namiji ne, shijie in mace ce, su ne za su koya maka na'ura da yadda ake sayo sinadarai da halin malamin. Ka girmama su kamar yayyenka. A watan farko ka tambayi abu uku a rubuce: maƙala nawa ake buƙata kafin kammalawa, a wane irin mujalla, kuma sunan wa zai zo farko. Wannan sharaɗin ya bambanta daga tsangaya zuwa tsangaya, kuma shi ne ya fi tsawaita wa masu digirin digirgir zama har tallafinsu ya ƙare.

Sinanci

Ko da Ingilishi ake koyar da kai, ƙa'idar ingancin karatun baƙi ta 2018 ta ce mai digiri na farko ya kai mataki na 4 a Sinanci kafin ya fita, mai na biyu da na uku mataki na 3, wanda kuma ya yi karatun da Sinanci mataki na 5. Da jarrabawar ƙwarewa a Sinanci mai suna HSK ake aunawa. A tsarin da aka daɗe ana amfani da shi, mataki na 3 kalmomi 600 ne, na 4 kuma 1,200, ana ci da maki 180 cikin 300. Ka rubuta ta a shekara ta farko ko ta biyu, lokacin da darasin yake sabo a kanka. Masu barinta sai shekarar ƙarshe su ne ke haɗa ta da rubutun kundi. Wanda yake Nijeriya zai iya fara koyo a cibiyar Confucius ta Jami'ar Legas ko ta Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka. (Ana koyar da Hausa a Jami'ar Harsunan Waje ta Beijing, don haka kada ka yi mamaki in wata rana Basine ya tare ka da "ina kwana".)

Ɗakin kwana

Ɗaliban Sin huɗu zuwa shida suke zama a ɗaki, gado a sama tebur a ƙasa, a kan kuɗin da bai cika wuce yuan (kuɗin Sin) 1,500 a shekara ba. Maza daban mata daban. A ƙofar kowane gini akwai mai kula, yawanci dattijuwa, ana ce mata ayi. Ita ke rufe ƙofa wajen ƙarfe 11 na dare, ita ke rubuta sunan baƙo, ita za ka kai wa ƙarar famfon da ya lalace. Gaisuwa kullum tana buɗe ƙofofi da yawa a wurinta. Baƙi galibi gininsu daban ne, mutum ɗaya ko biyu a ɗaki, da kuɗi mafi yawa. Wannan bambancin yana yi wa wasu ɗaliban Sin ciwo, kuma ana tattauna shi a shafukansu, don haka ba abin tinƙaho ba ne a gabansu.

Wutar ɗaki volt 220 ce, kusan kamar ta gida, amma bakin soket ɗin daban ne da mai ƙafa uku na Nijeriya, sai ka sayi mahaɗi. An haramta kayan da ke jan wuta da yawa: risho na lantarki, tukunyar dafa shinkafa, hita, abin dumama ruwa. A gine-gine da yawa akwai na'urar da ke yanke wutar ɗakin da zarar ka jona irinsu, kuma ba za a mayar ba sai ka je ka yi bayani. In an kama a zagayen duba ɗakuna za a ƙwace, a rubuta maka gargaɗi. Girki a kicin ɗin bene ake yi. Ruwan famfo ba a shansa sai an tafasa. Akwai injin ruwan zafi a kowane gini, shi ya sa kowa yake yawo da fulas. Ruwan wanka mai zafi da injin wanki da kati ko waya ake biya.

Sanyi ya danganta da inda kake. Arewa da kogin Huai da duwatsun Qinling gwamnati tana dumama gidaje; a Beijing daga 15 ga Nuwamba zuwa 15 ga Maris, a Harbin kusan wata shida, inda sanyi ke wuce 20 ƙasa da sifili. Kudu da wannan layin babu dumamar gama-gari, don haka ɗaki a Wuhan ko Nanjing cikin Janairu ya fi na Beijing sanyi, ga laima. Kada ka ɗauko rigar sanyi daga gida, ba za ta yi ba. Ka sayi mai gashin agwagwa a can cikin Oktoba, da dogon wando na ciki da safa mai kauri.

Abinci da ibada

Ɗakunan cin abinci na jami'a suna da rangwame, da yuan 10 zuwa 20 za ka ƙoshi, da katin ɗalibi ake biya. Lokacinsu ne matsala: na rana daga 11 zuwa 1, na dare daga 5 zuwa 7. Yawancin manyan jami'o'i suna da ɗaki ko taga ta abincin halal saboda ɗalibai 'yan ƙabilar Hui da Uygur da sauransu. Ka haddace alamar 清真, ana karanta ta qingzhen. A sauran tagogin, ko kwanon ganye ne ana iya soya shi da kitsen alade ko a zuba giyar girki, kuma cokali ɗaya ne yake yawo. Kada ka kai tiren wani sashe cikin ɗakin halal, su ma ba sa yarda. A wajen makaranta, shagunan taliyar Lanzhou suna kusan kowace unguwa, kuma yawancinsu Musulmi ne ke riƙe da su.

Dokar 2017 ta faɗi abu biyu a fili: jami'a za ta mutunta addinin ɗalibi, amma ba za ta ba da wurin ibada ba, kuma an hana wa'azi da taron addini a cikin haraba. Ka yi sallarka a ɗakinka. Tara mutane a baranda ko falo don jam'i yana iya zama laifi. Juma'a da Idi a masallatan gari masu rajista ake yi, kamar Niujie a Beijing da Huaisheng a Guangzhou da babban masallacin Xi'an, Kirista ma haka, cocin da ke da rajista. Juma'a ranar aiki ce, don haka tun wajen rajistar kwas ka kauce wa darasin farko na bayan hutun rana in da hali. Da azumi, ka sayi abincin buɗa-baki da na sahur kafin a rufe ɗakin cin abinci, domin da bazara rana kan faɗi bayan an tashi.

Takardu da kuɗi

Bizar ɗalibi, X1, ta shiga ce kawai. Cikin kwana 30 da saukarka dole ka nemi takardar izinin zama a ofishin shige da fice, da takardar gurbi da fam ɗin JW201 ko JW202 da sakamakon gwajin lafiya. Wanda ya kama haya a waje, ko ya kwana gidan aboki, sai ya yi rajista wurin 'yan sanda cikin awa 24. Sabunta izinin zama ana nemansa kwana 30 kafin ya ƙare. Wuce wa'adi tarar yuan 500 ce kowace rana har zuwa 10,000, ko tsarewa. Izinin zama ba ya wuce wa'adin fasfo, don haka in naka ya kusa ƙarewa ka sabunta tun a gida. In kuma ka canza shi a can, kwana 10 gare ka ka kai a gyara. Aiki ko horon aiki a waje sai da amincewar jami'a da tambarin ofishin shige da fice a kan izinin. Koyar da Ingilishi a ɓoye tararsa yuan 5,000 zuwa 20,000 ce, kuma tana iya kaiwa ga mayar da mutum gida.

Da fasfo za ka sayi layin waya, da layin za ka buɗe asusun banki, da asusun za ka haɗa WeChat da Alipay, waɗanda da su ake sayen komai har ruwan sha. Inda ake maƙalewa shi ne suna. In banki ya rubuta sunan mahaifi a gaba, kai kuma ka sa shi a baya, ko aka bar tazara a Abdul Rahman a wuri ɗaya aka haɗe a wani, manhajar za ta ƙi. Kafin ka bar bankin, ka sa ma'aikacin ya nuna maka yadda ya shigar da sunan, ka ɗauki hotonsa. Google da WhatsApp da Facebook ba sa buɗewa a intanet ɗin ƙasar, don haka ka sa 'yan gida su sauke WeChat kafin ka tashi, ka kuma tuna Sin tana gaban Nijeriya da Nijar da awa bakwai.

Tallafin gwamnatin Sin yana ba mai digiri na farko yuan 2,500 a wata, na biyu 3,000, na uku 3,500, ƙari a kan biyan kuɗin makaranta da ɗaki da inshorar yuan 800 a shekara. Ana sake duba shi kowace shekara wajen Afrilu da Mayu, a kan maki da halarta da ɗabi'a, kuma ana dakatarwa. Kuɗin farko yakan makara har sai an gama buɗe asusu, don haka ka zo da abin da zai riƙe ka wata guda ko biyu. In ka yi rashin lafiya, fara da asibitin makaranta, sannan na gwamnati, ka adana kowane rasit mai hatimi domin inshora ba ta biya sai da shi. Abu ɗaya da za a ja maka kunne a kai da ƙarfi: kada ka ara wa kowa asusunka ya karɓi kuɗi, ko da sunan canji ne. In kuɗin damfara ya ratsa ta ciki, 'yan sandan lardin da aka kai ƙara suna iya rufe asusun na watanni, alawus ɗinka yana ciki.

Kundi da takardun fita

Kundin bincike matakai gare shi, kowanne da ranarsa da fam ɗinsa: kare shawarar bincike, duban tsakiya, auna kwafe, karewar gwaji, aikawa ga masu dubawa na waje ba tare da suna ba, sannan karewar ƙarshe, galibi a Mayu ko farkon Yuni. Wanda ya rasa mataki ɗaya yakan jira zagaye na gaba, wata shida ke nan. Auna kwafen da rumbun maƙaloli na CNKI ake yi, kuma an tsaurara shi sosai tun 2019, bayan da aka ƙwace digirin digirgir na wani ɗan fim saboda satar rubutu. Iyakar da ake yarda da ita tana kamawa daga kashi 10 zuwa 30, gwargwadon jami'a da matakin digiri, kuma damar gwadawa a hukumance ɗaya ce ko biyu. Har maƙalarka da ka buga a baya tana iya fitowa a matsayin kwafe in ba ka nuna taka ce ba.

Takarda biyu ɗalibin Sin yake fita da su: ta kammala karatu da ta digiri. Mutum yana iya samun ta farko ya rasa ta biyu saboda horo ko ƙarancin maki, wanda kuma bai cika sharuɗɗa ba takardar halarta kawai za a ba shi. Ka tambayi ofishinku waɗanne za a ba ka, ka duba rubutun sunanka da ranar haihuwa a jerin da ake fitarwa kafin a buga, domin takardar asali ba a sake buga ta. In ta ɓace, takardar shaida kawai ake bayarwa. Ka karɓi takardar sakamako cikin Sinanci da Ingilishi, kwafi da yawa masu jan hatimi, ka gama duk tantancewar da ƙasarku take buƙata kafin izinin zamanka ya ƙare. Mai karatun likita da Ingilishi ya tabbatar tun farko jami'arsa tana cikin jerin da ma'aikatar ilimin Sin ta amince su koyar da shi, ya kuma shirya wa jarrabawar majalisar likitoci ta Nijeriya, wadda duk wanda ya yi karatu a waje sai ya ci kafin a ba shi lasisi.